Kowane Iri da Sunan Bishiyarsa

A watan jiya 'yar yayana ta turo mini wani gajeren bidiyo ta WhatsApp. Wata mata ce sanye da fararen kaya, ta harɗe ƙafafu a kan tabarma, gabanta tasoshin tagulla, tana jan murya: "Laaammm." Ta ce a maimaita sau bakwai, yana kore tsoro. Daga nan sai "vam", sai "ram", sai "yam". A ƙasan hoton an jera lambobi: 396, 417, 528. Yarinyar ta biya kuɗi ta shiga ajin matar na mako shida ta intanet, ta kuma haɗo mini da saƙon murya: "Baffa, ka gwada, wallahi yana sa barci. Malamar ta ce babu ruwansa da addini, girgizar sauti ce kawai."

Ban yi mata faɗa ba, don ba ta yi laifin komai ba. Barci take nema, aka sayar mata da hanyar samunsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar malamar tata, domin na san ba gaskiya ba ce. Na ga masu abin, mabiya addinin Hindu, da idona, na ga yadda suke riƙe da shi.

Shekarun baya na raka mahaifin yarinyar nan birnin Cennai, a kudancin Indiya, aka yi masa aikin ƙoda. Duk wanda ya taɓa jinya a ƙasar waje ya san zaman jiran nan: kujerun roba a jere, kowa ya zuba wa ƙofa ɗaya ido. Kusa da ni akwai wata tsohuwa da ake wa mijinta aiki. Hannunta na dama yana cikin wata 'yar jakar ƙyalle, ɗan yatsan manuni kaɗai ke waje. Laɓɓanta na motsi, ba ka jin komai sai wani ɗan gunji ta hanci lokaci-lokaci. Ni ma carbina na hannuna. Muka kalli juna, ta ɗan rusunar da kai, na rusunar.

Ɗanta, injiniya ne mai jin Turanci, shi ya riƙa yi mini bayani a kwanakin da suka biyo baya. Carbin cikin jakar ƙwaya 108 ne, ana jansa da babban yatsa da na tsakiya, manuni ba ya taɓa shi. Akwai babbar ƙwaya guda da suke kira meru, wadda ba a tsallake ta. Idan an iso kanta sai a juya carbin a koma baya. Na ce ya tambayar mini ita me take karantawa. Ya ce da ita, "Amma," wato mama a harshensu, ya yi mata magana da Tamilanci. Ta girgiza kai tana murmushi. Ya juyo ya ce mini in yi haƙuri, shi kansa bai taɓa ji daga bakinta ba. Malaminta ne ya raɗa mata a kunne tun tana amarya, kuma ba a faɗa wa wanda ba a yi wa izini ba. Iyakar abin da ya sani, akwai "hrim" a ciki, kuma na Uwa ne, wato allahiyar da gidansu ke bauta wa.

Ire-iren waɗannan gaɓoɓi su ne ake kira bija a Sanskirit, tsohon harshen addini na Indiya, kuma ma'anar kalmar ita ce iri, irin shuka. Gaɓa ɗaya ce tak, galibi baƙi ɗaya ko biyu da wasali, sannan a rufe da gunjin hanci wanda a rubuce ake nuna shi da ɗigo a saman harafi, ɗigon da suke kira bindu. Idan ka buɗe ƙamus ba za ka samu fassarar "hrim" ko "klim" ba. Amma a wurin mai bautar Hindu kowace gaɓa da mai ita. "Shrim" ta Lakshmi ce, allahiyar arziki. "Aim" ta Saraswati ce, ta ilimi da fasahar magana. "Krim" ta Kali, "dum" ta Durga, "gam" ta Ganesha, mai kan giwan nan da kowa ya sani a finafinan Indiya. "Klim" ana danganta ta da Kama, wasu kuma da Krishna. Dalilin kiransu iri kuwa shi ne imanin cewa kamar yadda ƙatuwar bishiya take naɗe a cikin 'yar ƙwaya, haka abin bautar yake naɗe dungurungum a cikin gaɓar. A littattafan Tantra, wani rukuni na littattafan ibadarsu inda wannan ilimi ya fi bunƙasa, ba su ɗauki gaɓar a matsayin laƙabi da ake kiran abin bauta da shi daga nesa ba. Cewa suke ita ce jikinsa na sauti. Wanda ya furta ta yadda ya kamata, ya halarto da shi.

Har warware gaɓar suke yi harafi-harafi. Wani littafin Tantra ya ce a cikin "hrim", ha na nufin Shiva, ra na nufin asalin halitta, dogon wasalin i na nufin Mahamaya, ɗigon ƙarshe kuma mai yaye baƙin ciki. A kudancin Indiya, masu bin tafarkin Shrividya suna da mantra, wato lafazin ibada da ake maimaitawa, mai gaɓa 15 da aka kasa gida uku, kowane kashi yana ƙarewa da "hrim". Masu bautar Durga suna da mai gaɓa tara da ke farawa da "aim hrim klim". Kafin a fara karatu, mai ibada yakan ambaci sunan tsohon waliyyin da aka ce shi ya fara jin mantra ɗin, da ma'aunin waƙarsa, da abin bautarsa, da irinsa, da buƙatar da ake nema. Sannan ya riƙa taɓa sassan jikinsa, yatsu, ƙirji, kai, idanu, yana "ajiye" gaɓoɓin a kansu. Wannan shi ne nyasa. Maimaitawar kanta, japa, hawa uku ce: a bayyane, da raɗa, da kuma a zuci, kuma ta zuci suka fi ɗaukakawa. Mai son ya kammala wani mantra yakan ɗauki alkawarin karanta shi sau dubu ɗari ga kowace gaɓa da ke cikinsa, tare da ƙa'idojin abinci da tsarki na tsawon lokacin. Duk wanda ya ji wannan jerin ya san ibada ake siffanta masa.

Uwar su duka ita ce "Om", kuma ta girmi littattafan Tantra nesa ba kusa ba. A cikin tsoffin littattafan Hindu da ake kira Upanishad, na Candogya da ita ya buɗe. Na Mandukya, ɗan ƙaramin littafi mai sakin layi 12 kacal, kusan dukkansa sharhi ne a kanta: ya raba ta zuwa a, u, m, ya ce na farko farkawa ne, na biyu mafarki, na uku barci mai nauyi, shirun da ke biyo baya kuma shi ne hali na huɗu da ya wuce siffantawa. Patanjali, wanda masu koyar da yoga a duk duniya ke jingina da shi, ya faɗa ƙarara a babin farko na littafinsa cewa "Om" ita ce kalmar da ke nuna Ishwara, wato Ubangiji a fahimtarsu, ya kuma ce a maimaita ta ana tuna ma'anarta. Mai littafin yoga da kansa ke nan.

To, "lam, vam, ram, yam, ham" da aka sayar wa 'yarmu fa? Tsarin da ya yaɗu a duniya ya fito ne daga wani littafi da Purnananda, wani malami daga yankin Bengal, ya rubuta a 1577. Wani Baturen Ingila, John Woodroffe, alƙali a babbar kotun Kalkata, ya fassara shi zuwa Turanci ya buga a 1919 da sunan aro, Arthur Avalon. A cikin littafin, kowace cibiya ta jiki, cakra, fure ne mai ganyaye, kuma a tsakiyar furen gaɓar take zaune. "Lam" ta ƙasa ce, tana cikin murabba'i rawaya, a kan giwa, tare da Brahma da wata allahiya Dakini. "Vam" ta ruwa ce, ta Varuna, a kan wata dabbar ruwa mai kama da kada, tare da Vishnu. "Ram" ta wuta ce, a kan rago, tare da Rudra. "Yam" ta iska, a kan baƙar barewa. Umarnin da ake bai wa mai ibada shi ne ya hango waɗannan ababen bauta a cikin jikinsa. Masu ajin intanet sun kwashe giwar da ragon, sun share sunan Brahma da Vishnu, suka shafa launukan bakan gizo waɗanda a Turai da Amurka aka ƙara su a ƙarni na 20, suka liƙa lambobi. Lambobin nan kuwa awon girgizar sauti ne, hertz, wanda aka raɗa wa sunan wani masanin kimiyya Bajamushe da ya rasu a 1894. Babu yadda za a yi su fito daga littafin 1577.

Abin da nake ƙi ke nan, kuma ina ƙin sa ta fuska biyu. Ta fuskar mai saye, cinikin biri a sama aka yi da shi. Musulmi ko Kirista da ya shiga aji don ciwon baya ko rashin barci yana da haƙƙin a gaya masa cewa abin da za a sa shi ya furta, a wurin masu shi, kiran abin bauta ne. Bayan ya sani, shawara ta rage gare shi da imaninsa da malamansa. Wani zai ce shi niyyarsa ce abin dubawa, ya ci gaba; wani zai ce a'a, ya tsaya a motsa jiki. Amma a ɓoye masa don kada ya fasa biyan kuɗi, wannan ha'inci ne kamar na mai algus a kasuwa.

Ta ɗaya fuskar, wadda mutanenmu ba su cika dubawa ba, an ci zarafin masu addinin. Ina yawan tuna tsohuwar nan da ta ƙi faɗa wa ɗan cikinta kalmar da take riƙe da ita shekara da shekaru. A ce abin da take ɓoyewa a jakar ƙyalle shi ake tallatawa tsakanin tallan man shafawa da na shayin rage ƙiba, a kuma ce ba shi da ma'ana. Mu da muka tashi a garuruwan da ake karɓar wuridi da izinin shehi, a Tijjaniyya ko Ƙadiriyya, bai kamata wannan ya yi mana wuyar ganewa ba. Ba ina daidaita aƙida da aƙida ba ne. Tsakanin tauhidi da abin da Hindu suka yi imani da shi akwai tazara mai faɗi, kuma ba na son kowa ya rufe ta da yaudara. Amma mu ƙaddara wani gidan motsa jiki a wata ƙasa ya ɗauki "Ya Laɗifu", ya sa mutane suna ja da numfashi, ya rubuta a allo cewa sauti ne na buɗe ƙirji, babu ruwansa da Allah, a biya dala ashirin. Ranmu zai ɓaci, kuma da gaskiyarmu. Su ma nasu yana ɓaci. Wata ƙungiyar Hindu mazauna Amurka ta taɓa yin gangami na musamman a kan a daina raba yoga da asalinta.

Na san akwai masu ja da ni, kuma ba duka hujjojinsu ne na banza ba. Da farko, cikin Hindu kansu akwai masu cewa "Om" ta kowa ce, sautin halitta ne, ba ta wani addini ba. Mabiya Buddha da Jain ma suna amfani da ita. Gaɓoɓin iri sun bi addinin Buddha har Tibet da Japan, inda 'yan ɗariƙar Shingon har yau suke rubuta su da tsohon rubutun Indiya na Siddham. Gaskiya ne. Sai dai cewa sauti ɗaya shi ne tushen dukkan halitta, ita kanta wannan magana aƙida ce, daga Upanishad ta fito. Yaɗuwar abu zuwa addinai uku ko huɗu kuma bai fitar da shi daga addini ba.

Na biyu, akwai masana da suka ce mantra ba shi da ma'ana tun asali. Frits Staal, wani farfesa ɗan ƙasar Holan da ya koyar a Kalifoniya, ya yi shekaru yana nazarin ibadun Veda, mafi tsufan littattafan Hindu, a jihar Kerala ta Indiya, ya kuma tsaya a kan cewa ƙa'idoji ne zalla ba tare da ma'ana ba, har ya kwatanta su da kukan tsuntsaye. Muhawarar ma ta girme shi da fiye da shekara dubu biyu: a tsohon littafin Yaska na asalin kalmomi an kawo ra'ayin wani Kautsa da ya ce mantra na Veda ba su da ma'ana, Yaska ya mayar masa da martani. Amma rashin fassara a ƙamus daban, rashin manufa daban. Mutanen da suka adana karatun Veda da ka, baki da baki, har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin gadon ɗan Adam a 2003, ba su yi wannan wahala don abin da suka ɗauka wofi ba. Suna ma da wani labari da suke tsoratar da ɗalibai da shi. Wani abin bautarsu, Tvashtar, ya yi hadaya don ya samu ɗan da zai kashe wani abin bautar, Indra, sai ya ɗora karin sauti a gaɓar da ba ita ba cikin kalma guda, ma'anar ta juye ta koma "wanda Indra zai kashe", kuma haka aka yi. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, tunda a harshenmu jan wasali kaɗai ne ke raba "gari" na zama da "gari" na tuwo. Mutanen da suke ganin kuskuren karin sauti ɗaya zai iya jawo halaka, su ne ake cewa gaɓoɓinsu gunji ne kawai da kowa zai koya daga bidiyon minti uku.

Hujja ta uku ita ce ta 'yar yayana: ai yana aiki, tana samun barci. Ban musa ba. A 2001 wata mujallar likitoci ta Birtaniya ta buga binciken Luciano Bernardi da abokan aikinsa, inda suka gano cewa karanta addu'ar carbin Katolika da Latinanci da kuma karanta wani mantra, duka biyun suna rage numfashi zuwa kusan sau shida a minti, abin da ke daidaita bugun zuciya. Tun kafin nan, Herbert Benson, likitan zuciya a Jami'ar Harvard, ya nuna a shekarun 1970 cewa ana samun irin wannan natsuwa ko da kalmar Turanci mai nufin "ɗaya" mutum yake maimaitawa. Wato abin da likita zai iya aunawa yana fitowa ne daga jan numfashi a hankali da tattara hankali wuri guda. Wannan ya ƙara ƙarfafa maganata ne. Idan natsuwa kawai ake sayarwa, babu buƙatar a ari sunan Kali ko Varuna. An are su ne don suna da kwarjinin tsufa da na nesa, suna sa kaya tsada. Ga kuma haɗarin da ya fi damuna: mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya ji an ce "vam" na gyara ƙoda, ya yi sakaci da maganinsa. Na kwana a asibiti da mai ciwon ƙoda, na san abin da sakacin wata guda ke jawowa. Tsohuwar Cennai, da duk imaninta, likita ta kawo wa mijinta.

Ƙasashe sun sha karo da wannan tambaya. A Amurka, wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 1979 cewa darasin tunani na ƙungiyar Maharishi Mahesh Yogi da ake koyarwa a makarantun gwamnati na jihar New Jersey addini ne, duk da an gabatar da shi a matsayin kimiyya. Cikin abin da kotu ta duba har da bikin da ake yi kafin a raɗa wa ɗalibi mantra ɗinsa. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a Nuwamba 2008, ta Indunusiya kuma a Janairu 2009 ta bambance: mai haɗe da karatun ibada ta hana, motsa jiki zalla ta bari. Bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga, aka fara bikin a 2015, ƙungiyoyin Musulmin Indiya sun yi ƙorafi kan furta "Om", gwamnati ta ce ba dole ba ne. Jihar Alabama ta haramta yoga a makarantunta a 1993, ta ɗage haramcin a 2021 da sharaɗin ban da mantra, har da gaisuwar "namaste". Hana gaisuwa ya wuce gona da iri a ganina, tsoro ne ya yi yawa. Bambancewar Indunusiya ta fi kwanta mini, don ta kira kowane abu da sunansa. Ni ba doka nake nema ba. Abin da nake nema daga mai koyarwa jimla ɗaya ce a ranar farko: wannan gaɓa ta wane ce, daga littafi kaza ta fito, wanda ba ya so ya yi shiru ya ja numfashinsa.

Na kira yarinyar na zayyana mata duk wannan, har da giwar da ragon. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Baffa, to me ya sa ba ta faɗa mana ba?" Na ce ta tambaye ta. Ta rubuta tambayar a zauren ajin, cikin ladabi, ta ce tana son sanin asalin "lam". Amsar da aka ba ta ita ce kada ta cika tunani, ta bar sautin ya yi aikinsa. Washegari ta tarar an goge tambayar.

Ran da aka sallami mijin tsohuwar nan, mu muna da sauran mako guda. Ta zo wucewa ta gabana, jakar ƙyallen na rataye a wuyanta, ta tsaya ta nuna carbin hannuna ta yi magana. Ɗanta ya ce tana tambaya ƙwaya nawa ne. Na ce 99. Ta ce na mene ne? Na ce adadin sunayen Allah ne. Ta gyaɗa kai, ta haɗa tafukanta a ƙirji, ta ce a gaya mini tana yi wa yayana fatan samun sauƙi. Na ce, "Na gode, Amma." Ba ta tambaye ni abin da nake karantawa ba, ni ma ban sake tambayar nata ba.